Ranar da Aka Zo Shan Tubar Teryo

A garinmu na bakin teku, a tsibirin Bohol, ba wanda yake kiran wannan ƙaton ƙaho na tagulla da sunansa na takarda. Baho muke ce masa tun zamanin kakanni, kuma a bakinmu da wannan kalmar ake kiran wari. Saboda haka duk ranar da 'yan badujala suka fito zagayen gari, Nong Teryo mai hura shi (Nong muke ce wa babba namiji, mace kuma Nang) yana can a sahun ƙarshe rungume da abinsa kamar mai ɗauke da ɗan maraƙi, yara na biye da shi suna toshe hanci suna ihu, "Nong, bahonka ya ishe mu!" Shi kuwa sai ya juya musu bakin ƙahon ya sakar musu guda ɗaya mai kauri, su watse suna ƙyaƙyata dariya. Shekara arba'in da 'yan kai ana wannan wasa, bai taɓa jin haushi ba.

Sana'arsa ta cin abinci hawan kwakwa ce. Safe da yamma yana sama da wuƙarsa da bututun gora, yana tatsar bammin da mu muke kira tuba. Tubar Teryo kuwa ta yi suna har ƙauyukan kan tudu, ja ce, mai daɗi, ba ya surka ta da ruwa. Ƙirjin da hawa ya gina masa, da shi yake hura baho. Aikinsa a cikin badujala bai wuce abu biyu ba: pum, pam, pum, pam. Masu sarewa da begila su yi ta yawo a sama suna kwarkwasa, shi yana ƙasa yana riƙe musu gida.

Matarsa, Nang Presing, ba ta gajiya da tsokanarsa a kan haka. "Ni dai na auri mai kalma biyu," in ji ta. "In ka tambaye shi ya kwana, pum. In ka ce abinci ya yi gishiri, pam."

Yakan yi murmushi kawai. Amma akwai abin da ya daɗe yana cin ransa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da yake neman Presing, ya ɗauki abokinsa Pasyo mai sarewa suka je ƙarƙashin tagarta da magariba, kamar yadda samari suke yi a lokacin. Pasyo ne ya busa waƙar, wata tsohuwar waƙar soyayya mai ratsa jiki, shi kuwa Teryo yana gefe yana pum-pam ɗinsa. Taga ta buɗe, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya har da jikoki. Pasyo ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Duk da haka Teryo bai daina jin cewa da bakin wani ya samu matarsa ba.

Sai kunnen Presing ya fara rufewa. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɓace mata, sannan ƙarar waya, sannan muryoyin jikoki. Likitan birni ya ce haka abin yake tafiya, siririn sauti ke fara gudu, mai kauri ya biyo baya a hankali. Tana jin tsawa, tana jin injin kwalekwale, tana jin muryar mijinta in ya matso. A bikin waliyyin gari na bara ta zauna a sahun gaba, wani saurayi ya tashi ya busa waƙar tagar nan da sarewa tun daga farko har ƙarshe, mutane na share hawaye, ita kuwa tana ta fifita da maficinta. Da aka yi tafi sai ta juya ta tambayi ta kusa da ita, "Wai yaushe za su fara?"

Teryo ya ga wannan daga sahun baya. Ya ƙudura a ransa cewa kafin kunnen nan ya gama rufewa sai ta ji waƙar daga bakinsa.

Da bikin bana ya gabato ya je gidan Maestro Ensyo, shugaban badujala, ya tsaya yana murza hularsa.

"Maestro, ina so bana in fito gaba ni kaɗai."

Maestro ya sauke tabarau. "Ka fito gaba ka yi me, Nong?"

"In busa waƙa."

"Da baho?"

"Da shi."

Maestro bai yi dariya ba, don mutumin kirki ne, kuma yana da son abin da ba a saba ba. Ya jawo tsohon akwatin takardun kiɗa ya yi ta tonawa. Ga na sarewa tuli, ga na begila, har na ƙaramin ƙaho akwai, amma na baho ko ɗaya babu. Sai ya ɗauko waya, ya ce ɗan 'yar'uwarsa da ke badujalar soja a Manila ya taɓa turo masa wasu. A ƙasashen waje, in ji shi, ana rubuta wa wannan ƙaho dogayen waƙoƙi nasa na kansa, mai busa ya zauna a gaba da kwat, mutum ɗari suna raka shi. Ya kunna na farko.

"Wannan rawar giwa ce," ya ce. "Mutane za su yi dariya har su faɗi."

"Dariya kam na sha ta, Maestro."

Na biyu na wani mashayi ne da ke tangaɗi zai koma gida. Teryo ya girgiza kai. Na uku kuwa yatsun mai busar gudu suke yi kamar an koro su, Teryo ya saurara har ƙarshe baki buɗe, sannan ya ce, "Wannan bawan Allah bai taɓa hawan kwakwa da yatsun nan ba. Ni waƙar taga nake so."

Maestro ya dube shi, ya gane. "Zan sauko maka da ita ƙasa inda ƙahonka yake," ya ce. "Amma ga matsala. Baho ɗaya gare mu a duk garin nan. In ka fito gaba, wa zai riƙe mana ƙasa? Waƙar za ta zama gida ba ginshiƙi."

"Ganga fa?"

"Ganga duka ce kawai, ba ta ɗaukar kaya. To, mu gwada. Zan sa sauran su yi ƙasa-ƙasa. Sai dai ka roƙi Allah jama'a su yi shiru, don in aka yi hayaniya ko ni ba zan ji ka ba, balle Nang Presing."

Daga ranar Teryo ya riƙa ɗaukar ƙaho zuwa can ƙarshen gaɓa, bayan inda ake shanya taru, don kada ta jiyo. Abin bai zo da sauƙi ba. Leɓen da ya saba da sauti biyu aka ce ya yi ta hawa da sauka, sai ya riƙa kumbura. Karnukan masunta sun yi masa haushi kwana da kwanaki, daga baya suka haƙura suka riƙa zuwa suna kwanciya kusa da shi.

Saura sanarwa. Wannan aikin Loloy ne, mai babur ɗin nan mai ƙafa uku da lasifika a kai. Ya zo wurin Maestro ya ce, "To me zan ce? Jama'a ku zo ku ji bahon Nong Teryo?"

"Kai, rufa mana asiri!" in ji Maestro. "Ka zagaya gari kana kiran mutane su zo su ji warin dattijo? Sunan abin nan na gaskiya tuba. Duk duniya haka ake kiransa."

"Tuba?"

"Tuba. Ka faɗe shi da kyau, mu ma a san mun waye."

Loloy ya ɗaga kafaɗa ya buga babur. Ya bi gaɓa, ya hau tudu, ya shiga ƙauyukan da ko ɗan siyasa ba ya kaiwa, yana ta kwarara murya: "Jama'a, jama'a! Ranar jajiberen biki da la'asar, kowa ya hallara a dandalin coci ya sha tubar Nong Teryo! A karon farko a tarihi! Kyauta ne, ba ko santabo!" Shi dai kiɗa yake nufi, yadda ake cewa a zo a sha kiɗa. In an tare shi an ce da gaske kyauta, sai ya ce, "Daga bakin Maestro na ji."

Presing ba ta ji lasifikar ba. Teryo kuwa yana kan kwakwa ko a gaɓa. Abin da ya lura da shi kawai, gari ya ƙara son sa. Wanda bai taɓa gaishe shi ba sai ya tsallako titi ya kama hannunsa. A kasuwar kifi ya gamu da Nong Ambo, wani ƙaton manomi na kan tudu mai murya kamar an buga garwa.

"Teryo, ashe haka kake da zuciya! Amma tsakani da Allah, za ta ishe mu kuwa? Mu fa da yawa za mu sauko."

"In ƙirjina ya kai, kowa zai samu," in ji Teryo cikin kunya.

"Sabuwa ce ko ta kwana biyu?"

"Ai tsohuwa ce. Ta haura shekara arba'in ina ajiye da ita."

Ambo ya dafe ƙirji. Tubar da ta shekara ɗaya ma sai gidan manya. "Arba'in! Tabɗi! Kuma ka bayar kyauta?"

"Don matata zan yi."

"Allah ya bar ku tare," in ji Ambo, idonsa har ya kawo ruwa. Ya koma tudu ya ƙara wa labarin gishiri.

Ranar jajibere dandali ya cika tun rana na tsaka. An ɗaura tutoci kala-kala, hayaƙin gashin alade da kifi ya rufe bayan coci. Teryo ya leƙo daga bayan dakalin kiɗa cikin farar rigarsa da aka goge, ya ga jama'ar da bai taɓa gani ba. Ya kuma lura kowa da abin da ya riƙo. Wasu manyan kwalaben galan masu kunne, wasu ƙananan kwalabe, wata tsohuwa har da buta.

"Maestro, me ya sa suka zo da kwalabe?"

"Zafi ake yi, ruwa ne," in ji Maestro, yana murna da cikar wuri.

Presing na zaune a sahun gaba da rigarta mai ruwan ƙwai da mafici. An dai ce mata ta yi kwalliya, ba a gaya mata dalili ba.

Badujala ta yi taken buɗewa, ba wanda ya kula. Sai Maestro ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, yanzu ga abin da kuka zo dominsa. Tubar Nong Teryo!"

Dandali ya ɗauki sowa, kwalabe suka tashi sama, aka fara turereniyar layi. Teryo ya fito da ƙahonsa yana sheƙi, ya zauna a kujerar da aka ajiye masa a gaba. Mutane suka leƙa bayansa suna jiran masu ɗauko gangunan bammi. Ba kowa.

"Ina tubar?" Ambo ya daka tsawa.

Maestro ya nuna ƙahon. "Ga ta."

Ambo ya matso ya ƙura wa ƙahon ido.

"Wannan ai baho ne!"

"Sunansa na gaskiya tuba. A ƙasashen waje..."

Bai ƙarasa ba wuri ya kaure. Wani ya ce tun asuba ya baro gida a ƙafa. Wata ta ce ta wanke galan uku da toka. Aka fara neman Loloy, amma Loloy ya riga ya shige ƙarƙashin dakali. Rabin mutane na zagi, rabi sun riƙe ciki suna dariya har da hawaye. Ambo ya ce, "Shekara arba'in yana ajiye da wari, yau ya kira mu ya buɗe mana!"

Teryo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ya miƙe ya gudu gaɓa wurin karnukansa. Amma da ya dubi sahun gaba sai ya ga Presing ta daina fifita, tana kallonsa, tana mamakin abin da ya kawo mijinta gaban jama'a. Ya san in ya tashi yau, baɗi wataƙila ko tsawa ba za ta ji ba. Ya gyaɗa wa Maestro kai, ya sa baki.

Kash, abin bai yi ba. Hayaniya ta haɗiye shi, kuma kamar yadda Maestro ya faɗa, ba kowa a ƙasa. Masu sarewa suka rasa inda za su taka, wani ya yi gaba wani ya yi baya, shi kansa Teryo da ya zo inda ya saba jin pum sai ya ji wayam, numfashinsa ya sarƙe. Presing ta karkato kunne ta yamutsa fuska. Ba ta kama komai ba.

Nan ne Ambo, don neman magana, ya ɗaga galan ɗinsa wanda ba komai a ciki, ya kumbura kumatu kamar Teryo, ya hura bakin kwalbar. Huuum! Sauti ya fito mai kauri kamar jirgin ruwa zai tashi. Aka fashe da dariya. Abokansa suka ɗauka, huum nan, huum can, kowa na kwaikwayon baho.

Wannan kam Presing ta ji shi sarai. Ta miƙe, ta ratsa mutane, ta je gaban Ambo wanda ya ninka ta biyu, ta kwaɗa masa mafici a hannu.

"Kai, wane irin sakarci ne wannan? Ba nan ake shiga ba!"

"Nang, wasa nake..."

"Ɗaga murya, ba na ji! In za ka yi, ka yi daidai. Shekara arba'in ina kwana ina tashi da abin nan, ba za ka zo ka ɓata shi a gabana ba. In na sauke mafici ka hura. Ku masu ƙananan kwalabe, in na ɗaga ku amsa. Ke mai buta, ki yi haƙuri ki zauna."

Wa zai yi musu da Nang Presing? Ta sauke mafici, manyan galan suka ce pum. Ta ɗaga, ƙanana suka ce pam. Maestro ya yi tsalle daga kan dakali kamar yaro, ya fizgi bokiti ya tara a famfon coci, ya bi layi yana saurare yana tsiyaya ruwa a wannan, yana rage wa wancan, har sautin ya ɗan daidaita da ƙahon. "Kun zo a cika muku galan, to ga shi ana cikawa!" yake cewa. Kada in yi muku ƙarya, ba wai ya yi daidai ƙwarai ba, akwai galan ɗin da har aka tashi yana nasa daban. Amma ƙasa ta samu. Kuma mutumin da bakinsa ke kan kwalba ba shi da halin surutu, sai ga dandali ya yi shiru in ban da pum, pam, pum, pam, daga ƙirjin mutum fiye da ɗari.

Teryo ya saurara. Tun da yake bai taɓa jin yadda abin yake ba in wani ne ya riƙe maka. Daɗi ya kama shi har ya kusa yin dariya a cikin ƙahon. Ya ja numfashi irin na mai shirin hawa doguwar kwakwa, ya shiga.

Waƙar ta fito a hankali, mai kauri, mai taushi, ba gaggawa. Waƙar da kowa ya saba ji tana kuka a sama, yau ga ta tana magana da muryar dattijo. Ana jin ta a allon dakali, ana jin ta a cikin ciki. Yaran da suke toshe masa hanci suka tsaya baki sake. Presing na tsaye ta ba shi baya tana kaɗa mafici, sai hannunta ya fara sanyi. Ta juyo. Ta miƙa wa Maestro maficin ba tare da ta dube shi ba, ta hau matakala, ta zo ta ɗora tafin hannunta a jikin tagullar. Da ya kai baiti na biyu sai ta fara rerawa, da 'yar muryarta da ta tsufa, kalma bayan kalma, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Teryo bai ga ƙarshen takardar waƙar ba saboda hawaye, da ka ya ƙarasa.

Ihun da aka yi har tantabarun hasumiyar coci sai da suka tashi. Aka ce a sake, aka sake. A karo na uku mata suka shiga rawa, Loloy ya fito daga ɓoye yana cewa ai shi ya tara jama'ar. Ambo ya zauna daɓas a ƙasa rungume da galan, jiri na ɗibarsa saboda hurawa. "Ikon Allah," ya ce. "Ban sha ko ɗigo ba, ga shi na bugu. Teryo, tubar nan taka da ƙarfi take!"

Presing ta sa aka je gida aka kwaso duk tubar kwakwar da ke akwai. Ba ta kai ko'ina ba, kowa ya samu abin jiƙa harshe, amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Rana na shirin faɗawa teku suka kama hanyar gida, shi da ƙaho a kafaɗa, ita riƙe da gefen rigarsa. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Kin ji?"

"Na ji mana. Kurma ka ɗauke ni?"

"Na san ban kai Pasyo ba. Shi da ya busa miki a taga..."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Wane Pasyo?"

"Pasyo mai sarewa. Ranar da muka zo."

"Au, da shi kuka zo?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Teryo, babana ya kulle tagar nan, ya toshe ta da bargo don kada in ji samari. Ni ban ji wata sarewa ba. Ina zaune a kan daɓen gora sai na ji gidan yana rawa a ƙarƙashina, pum, pam, har kwanuka na motsi. Na ce sai na ga wane mara kunya ne zai rushe mana gida. Na yaye bargon na buɗe, na gan ka, kumatu kamar ka saci mangwaro biyu."

Teryo ya tsaya da ƙahonsa, ya buɗe baki ya rufe.

"Ka ga irinta ko," in ji Presing, ta ja rigarsa suka ci gaba da tafiya. "Yau ko kalma biyun ma babu."